Ƙwan XHP70 a cikin ƙaramar tocila: akwai wanda ya gwada a zafin Makka?

Ɗan_Misfala:
Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna buɗe tocila suna sauya mata kayan ciki. Aikin gadi nake yi da dare a wani filin ajiye kayan gini da ke wajen Makka ta hanyar Jidda, kuma shekara uku ke nan ina riƙe da ƙaramar tocila Convoy S2+ mai cin batir 18650 guda ɗaya. Ƙwan da ke cikinta XM-L2 ne na kamfanin Cree, allon da ke ba shi wuta kuwa, wanda masu wannan harka ke kira direba, irin mai 'yan 7135 guda takwas ne, wato 'yan ƙananan sassan da ke ƙayyade yawan wutar da ke shiga ƙwai. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai dai filin yana da tsawo, kuma idan na tsaya a bakin ƙofa haskenta ba ya kai wa katangar baya yadda zan bambance mutum da tarin katako. Niyyata in cire ƙwan da direban, in ɗora XHP70, in haɗa shi da direba mai FET wanda ke sakar wa ƙwai duk wutar da batir zai iya bayarwa. Shin akwai wanda ya taɓa yin haka a jiki ƙarami irin wannan, kuma yaya ta kasance da zafin garinmu?

Injiniya_Riyad:
Wa'alaikumussalam, Malam. Kafin a kai ga maganar zafi, haɗin da ka ambata ba zai ma kama wuta ba. XHP70 ƙwai huɗu ne aka haɗe ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma an saba samunsa a tsarin bolt 6 ko bolt 12, alhali batir ɗinka ko an cika shi taf bolt 4.2 yake bayarwa. Direba mai FET ba ya ƙara bolt, aikinsa buɗe hanya ne kawai tsakanin batir da ƙwai, don haka abin da za ka samu duhu ne. Wanda ake buƙata shi ne direba mai ɗaga bolt, wato wanda ke karɓar uku da ɗoriya ya mayar shida. To ka lura da lissafin: idan kana son ƙwan ya ci amfiya 5 a bolt 6, wat 30 ke nan, kuma kafin direba ya fitar da wat 30 sai ya zuƙi sama da amfiya 9 daga batir ɗin. Sannan faɗin ƙwan milimita 7 ne a kowane gefe, na XM-L2 ɗinka kuwa milimita 5, saboda haka ramin da ke gindin madubin tocilar ba lallai ne ya karɓe shi ba.

Mai_Gyara_Batha:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni kuma zan ƙara da abin da hannuna ya taɓa. Na ɗora SST-40 da direba mai FET a jiki mai girman naka, kuma shi ƙwan bolt 3 ne, yana kamawa lafiya. Daƙiƙun farko sai ka rantse fitilar mota ce ka riƙe, amma kafin minti ɗaya ya cika kan tocilar ya wuce abin da yatsa zai jure. Wannan fa a cikin shago ne mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki. Jikin alminiyam ɗin ba shi da naman da zai shanye zafin wat 20, balle 30, kuma mafi yawan wutar da ke shiga ƙwai zafi take komawa, kaɗan ce ke fita a haske.

Ɗan_Misfala:
Na gode ƙwarai, kun tsare ni daga asarar kuɗi. To idan ƙwai mafi girma ba shi ne maganin ba, me zai kai hasken katangar baya? Na auna da taku, tsawon filin ya kusa mita 200.

Abu_Hafsat_Madina:
Ɗan'uwa, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da ni a farko. Ma'auni biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya. Lumen shi ne jimillar hasken da ke fita ta kowane ɓangare, kandela kuwa ƙarfin hasken ne a tsakiyar inda ka nufa, kuma ita ce ke kai haske nesa. Babban ƙwai a cikin ƙaramin madubi lumen yake ba ka da yawa, amma a baje suke kamar an watsa ruwa da kwano, sai gabanka ya yi fari fat, idonka ya tsuke saboda hasken kusa, katangar kuma ta ƙara duhu. Abin da ke harba haske nesa shi ne ƙaramin ƙwai mai tsananin haske a cikin madubi mai faɗi da zurfi.

Akwai ƙa'idar da kamfanoni ke bi wajen rubuta nisa a jikin kwali, ana kiranta FL1, kuma tun 2009 ake aiki da ita. Nisan da take nufi shi ne inda hasken ya ragu zuwa rubu'in lukus ɗaya, kwatankwacin hasken cikakken wata, kuma ana samunsa ta hanyar ninka tushen kandela sau biyu. Kandela 40,000, wadda tushenta 200 ne tunda 200 sau 200 ke ba da ita, tana ba da mita 400, amma kafin ka kai mita 800 sai ka samu kandela 160,000, wato ninki huɗu. Kuma rubu'in lukus ba ya isa ka gane fuskar mutum, don haka ni nakan raba abin da aka rubuta biyu ko uku. Ga mita 200 ɗinka, shawarata ka bar ƙaramar a yadda take, ka nemi jikin babbar tocila C8+ wanda kansa ya kai milimita 44, ka ɗora masa SFT-40. Ƙwan ba shi da ƙoƙon roba a kansa, fuskarsa a shafe take, shi ya sa haskensa ke tafiya a dunƙule.

Baba_Jarwal:
Ni na yi gadi a zamanin da tocila ke cin manyan batira uku, ƙwanta mai zare, haskenta ja kamar na aci-bal-bal, kuma da ita muke zagaya wuri har asuba. Ban ce a koma can ba. Tambayar da zan yi wa ɗana mai wannan magana ita ce, awa nawa tocilar ke kunne a hannunka kowane dare, kuma daƙiƙa nawa kake buƙatar ganin katangar? Amsar wannan ita za ta zaɓa maka allo.

Matashin_Sumama:
Baba, tare da girmamawa, ina ganin an yi wa direba mai FET rashin adalci a nan. Babu wanda ke riƙe tocila a matakin ƙarshe na awa guda. Idan ka ji motsi, ka danna sau biyu, wuri ya haskaka na daƙiƙa ashirin, ka ga abin da ke nan, ka koma ƙaramin mataki, aikin ya biya. Mu da muke fita sahara ta wajen Sumama a ƙarshen mako, wannan ɗan lokacin shi ne muke so, domin da shi kake gano inda mota take ko inda yaro ya nufa. Sannan gaskiya ita ce da yawa daga cikinmu ba buƙata ce kawai ta kawo mu wannan harka ba, akwai daɗin ka matse abu ƙarami ya ba da abin da ba a yi zato ba.

Injiniya_Riyad:
Ƙanina, ban musa daɗin ba, ni ma akwatina cike yake da irin waɗannan. Abin da nake so ka auna shi ne ribar da kake samu a kan zafin da kake biya. Ƙwan LED yana rage ƙwazo yayin da ake ƙara masa wuta, ta yadda idan ka ninka amfiya daga 3 zuwa 6 ba za ka samu ninkin haske ba, amma zafin zai wuce ninki, domin bolt ɗin da ƙwan ke nema shi ma yana hawa. Ido kuma ba mita ba ne, sai an kusa ninka lumen sau huɗu kafin mutum ya ce haske ya ninka. Wani abin da ƙa'idar da Abu Hafsat ya kawo ta ƙunsa shi ne ana fara awon lumen bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, saboda haka babban adadin da ke jikin kwali ba ya gaya maka komai game da minti na biyar. Matsalar FET ta biyu ita ce ba shi da linzami: haske yana bin ƙarfin batir, yana sauka tun daga dannawar farko, kuma idan aka sa masa batir mai tsananin ƙarfi da ƙwai mai neman ƙaramin bolt, yana iya tura wutar da za ta ƙona ƙwan ya koma shuɗi ya mutu.

Ɗan_Maiwurno:
Salamu alaikum daga gaɓar Shuɗin Nilu. Ina karanta ku ina murmushi, domin damuwarku zafi, tamu kuwa caji. A nan Sudan ita kanta tocilar battariya ake ce mata, kuma tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilu na 2023 kahraba, wato wutar lantarki, ta zama baƙuwa a wurare da yawa, sai wanda ke da faifan sola a kan rufi ake bin layi a gidansa. A wurinmu tocila mai kyau ita ce wadda za ta kwana uku da caji ɗaya. Batir mai 3000 a ma'aunin mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, idan aka ja masa amfiya 6 rabin awa ne ya ƙare, amma idan aka tsaya a lumen ɗari uku ko ƙasa da haka, yana wuce awa huɗu, kuma ɗari ukun ta isa mutum ya je gona ya duba injin ban-ruwa ya dawo. Ni batiran da nake aiki da su daga tsofaffin batiran kwamfutar cinya nake ciro su, ina caja su da ɗan allon TP4056 da na haɗa da sola. Tambayata ga Injiniya: wane irin direba ne ya fi tattalin batir a ƙananan matakai?

Mai_Gyara_Batha:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, Malam. Kafin Injiniya ya amsa, bari in ja kunne game da batiran kwamfuta. Duk wanda ka ciro ka ɗora masa mita ka ga ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, kada ka yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Wanda ledarsa ta yage kuma sai an sake masa riga, domin duk jikin ƙarfen nan ɓangaren ragi ne, kuma idan ya taɓa bakin sama, wanda shi ne ɓangaren ƙari, wuta za ta haɗu. Ire-irensu an yi su ne don ƙaramar wuta, suna dacewa da aikinka, amma kada a sa su a tocila mai FET.

Su ma sababbin da ake sayarwa a kasuwa sai an buɗe ido. Duk 18650 da aka rubuta masa 9900 ƙarya ce tsagwaronta, domin na gaskiya daga manyan kamfanoni wajen 3500 suke tsayawa. Na taɓa sayen guda huɗu daga wani mai tebur saboda araha, na ɗora su a sikelin dijital, sai na ga kowanne bai kai rabin nauyin na gaskiya ba, wanda yakan kai giram 45 zuwa 48. Araha dai ba ta ado. Ga mai son jan wuta da yawa, Samsung 30Q yana da 3000 kuma an ƙayyade masa amfiya 15, shi ne wanda na fi sa wa mutane.

Injiniya_Riyad:
Malam na Maiwurno, amsar tambayarka ita ce direba mai sauke bolt. Bari in kwatanta da wanda ke cikin tocilar mai tambaya. Kowane 7135 yana barin miliamfiya 350 ta wuce, takwas ɗin su ne amfiya 2.8. Yadda yake aiki shi ne ya ƙone rarar bolt ta zama zafi. Idan batir yana kan 4.2 ƙwai kuma 3.0 yake nema, to 1.2 ɗin da ke tsakani a banza take tafiya, kusan kashi uku cikin goma ke nan na abin da ka tara daga rana. Mai sauke bolt kuwa yana da ɗan nadin waya da ke mayar da rarar ta zama ƙarin amfiya, kuma mai kyau yakan kai kashi 90 cikin ɗari. Ya fi tsada, amma a halin da ka bayyana zai biya kansa.

Sani_Hindawiyya:
Ina da ɗan gyara a kan wannan, Injiniya, idan ka ba ni dama. Batir ba ya daɗewa a 4.2, da an fara jan wuta yake saukowa wajen 3.7 ya yi yawancin rayuwarsa a can, don haka asarar 7135 a tsawon caji guda ba ta kai yadda lissafin farko ya nuna ba. Kuma shi allon yana da sauƙi, ba ya lalacewa da wuri, idan guda ya mutu ana cire shi a liƙa wani, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke zaune inda saƙo ba ya isa. Aibinsa da na fi gani shi ne yadda wasu ke samar da ƙananan matakai ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri. Idan saurin bai kai ba, haska fanka mai juyawa za ka ga fukafukanta sun rarrabu, kuma wasu mutane kan ji ciwon kai.

Injiniya_Riyad:
Gyaranka ya karɓu, Malam Sani. Na ɗauki mafi munin hali ne na yi misali da shi.

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum. Ni ɗinki nake yi a Jidda, kuma ta hanyar maigidana na shiga wannan harka, shi ke liƙi ni ke zaɓen ƙwai. Na ga duk maganar ta tafi kan yawan haske da nisa, babu wanda ya taɓo kyan hasken. Ƙwan da ake sa wa yawancin tocilolin kasuwa fari ne mai shuɗi-shuɗi, kelbin 6500 a ma'aunin launin haske, kuma ma'auninsa na fitar da launi wajen 70 yake cikin 100. A ƙarƙashinsa jan zare da ruwan goro kusan ɗaya suke zama. Da muka sa Nichia 519A mai kelbin 4500, wanda ma'auninsa ya haura 90, sai na ga launin yadi kamar yadda yake da hantsi. Na san mai gadi ba tela ba ne, amma ina ganin wanda ke son bambance maciji da igiya ko kare da buhun siminti shi ma launi yake buƙata, ko da hasken ya ragu kaɗan.

Abu_Hafsat_Madina:
Hajiya ta kawo magana mai nauyi. Duk farin LED asalinsa shuɗi ne, wani gari mai ruwan ɗorawa da aka shafa a kansa ne ke juya wani kaso na shuɗin, haɗuwarsu ta ba da fari. A kamfanin Nichia ɗin nan na Japan ne Shuji Nakamura ya fitar da shuɗin LED mai ƙarfi a 1993, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Idan aka ƙara garin da ke ba da ja, launi yana fita sosai amma lumen yana raguwa, don haka dole a sarayar da ɗaya. Shi 519A yana da wata baiwa da ta sa masu wannan harka ke ƙaunarsa, wato ƙoƙon da ke kansa yana ɓallewa cikin sauƙi ba tare da an jiƙa shi a fetur ba kamar yadda ake yi wa tsofaffin ƙwai. Idan aka cire, hasken yana ƙara ɗumi, yana ƙara dunƙulewa, jimillarsa kuma ta ɗan ragu. A ranakun ƙura ni na fi jin daɗin mai ɗumin, domin farin mai shuɗi yakan tsaya a gabana kamar bango. Sai dai ƙafarsa milimita 3.5 ce, ba zai zauna a farantin XM-L2 ba, wato ɗan faifan ƙarfen da ake liƙa ƙwai a kai, sai an sayo nasa.

Matashin_Sumama:
Tunda an ambaci zafi tun farko, ga abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Ina da wata tocila mai manhajar Anduril, wadda ke sarrafa matakan haske, a lokacin sanyi tana riƙe haskenta na ɗan lokaci, amma a watan Yuli da na kunna ta take fara sauka, alhali ko ɗumi ba ta ƙara a hannuna ba. Na ɗauka batir ne, na sauya, ba ta sake zani ba.

Injiniya_Riyad:
Ba lalacewa ta yi ba. Anduril tana zuwa ne da iyakar zafi ta digiri 45, kuma da allon ya ji ya kai nan sai ya fara rage wuta. Wannan adadi ya dace da ƙasar da iskarta ke kan digiri 20, inda tocila ke da tazarar digiri 25 kafin ta kai iyaka. A Riyad kuwa, tocilar da ta wuni a aljihu ko a mota a watan Yuli tana iya kusantar 45 tun ba a kunna ta ba, to ina sauran tazarar? Mutanen Makka ma sun fi mu sani, tunda a hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Harami. A cikin manhajar akwai wurin gyara abu biyu: ka fara gaya mata ainihin zafin ɗakin da take ciki bayan ta huce, domin ma'aunin da ke cikin allon yakan yi kuskure, sannan ka ɗaga iyakar. Ni 55 nake sa wa nawa, ba na wucewa. Ba don ƙwan ba, domin shi an yi shi ya jure har digiri 150 a cikinsa, sai don hannu da kuma batir, wanda yawancin takardun kamfanoni ke tsayar da aikinsa a wajen digiri 60, cajinsa kuma a 45.

Alhaji_Direban_Ɗa'if:
Wannan magana ta batir ita ce ta sa na shigo. Cikin motar da aka rufe a rana a ƙasar nan yana wuce abin da Injiniya ya ambata nesa ba kusa ba, don haka ban yarda a bar tocila mai lithiyam a aljihun gaban mota ba. Abu na biyu, wata rana tocila ta kunna kanta a aljihun jallabiyata ina tuƙi a hawan Hada, ban ankara ba sai da na ji ƙauri, ta huda aljihun ta bar mini tabo a cinya. Laifina ne, domin na san maganin ban yi ba: a ɗan kwance murfin baya rubu'in juyi kafin a sa a aljihu, wuta ta yanke gaba ɗaya. Duk wanda zai ƙara wa tocila ƙarfi ya fara koyon wannan.

Ɗan_Misfala:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba ya tambaye ni, kuma da na lissafa, tocilar tana kunne kusan awa uku a dare, ganin katangar kuwa bai wuce sau goma ba. Don haka ina karkata ga shawarar Abu Hafsat, in haɗa C8+ don nesa, ita kuma ƙaramar in sa mata ƙwan da Hajiya ta yaba. Sai dai ban taɓa liƙa ƙwai a faranti ba, kuma ba ni da injin iska mai zafi irin na masu gyaran waya. Yaya ake yi a gida?

Mai_Gyara_Batha:
Ba sai da injin ba. Da farko ka nemi farantin jan ƙarfe mai milimita 16, irin wanda tsakiyar ƙwan ke zama kai tsaye a kan ƙarfen ba tare da wata shimfiɗa a tsakani ba. Jan ƙarfe yana tafiyar da zafi kusan ninki biyu na alminiyam, amma babbar ribar tana cikin rashin shimfiɗar nan ne, domin ita ce ke tare zafi a farantan araha. Ka shafa dalma kaɗan a gurabe ukun da ƙwan ke zama a kai, mai haɗin kuza kashi 63 da darma kashi 37 ta fi sauƙi tunda a digiri 183 take narkewa. Ka duba alamar ƙari da ragi da mita kafin ka ɗora ƙwan. Sai ka aza farantin a kan tsohon kasko a wuta kaɗan, ko a kan dutsen guga da aka kifar. Da dalmar ta yi ƙyalli za ka ga ƙwan ya ja kansa ya daidaita, ka ɗan danna shi da hantsaki rarar ta fito ta gefe, ka sauke nan take, domin daɗewa a wuta na rage masa haske.

Wajen mayarwa, man zafi irin na kwamfuta ɗan ɗigo ya isa, aikinsa cike ƙananan ramuka ne, idan ya yi kauri shi ma bango ne. Ka sa zoben robar da ke tsayar da ƙwai a tsakiyar madubi, ka kuma tabbatar liƙin wayoyin biyu ya kwanta, domin idan ya yi tudu ya taɓa gindin madubin alminiyam, wuta za ta haɗu da zarar ka ɗaure kan.

Sani_Hindawiyya:
Bayanin ya cika, amma ni ba zan ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ya fara da kasko ba. Ana sayar da ƙwan a liƙe da farantinsa, bambancin kuɗin kaɗan ne, sai ya rage waya biyu kawai. Ƙwai biyu na ƙona a gwajina na farko, ɗaya na juya shi, ɗaya na bar shi ya daɗe.

Mai_Gyara_Batha:
Kuma da ƙwai biyun nan ka koya, Malam Sani. Ya ciro tsohon XM-L2 ɗinsa ya yi ta gwaji da shi, ya cire ya mayar har hannunsa ya faɗa.

Manomin_Gadarif:
Ku yi haƙuri in ɗan ratse, tunda an ambaci maciji. A gonakin riɗi da dawa na nan kunama ta fi damun masu kwana a fili. Na haɗa wata tocila da ƙwai mai hasken da ido ba ya gani sosai, mai nanomita 365, kuma kunama na sheƙi kore-kore a ƙarƙashinsa tun daga nesa, ko ta laɓe a gindin kara. Irin wannan ƙwan ba ya son wuta da yawa, 7135 biyu ko uku sun ishe shi, kuma ba a kallonsa kai tsaye, ba a haska wa yara a fuska. Mai gadi a filin da aka tara bulo zai amfana da ita.

Matashin_Sumama:
Ni dai har yanzu ban ga dalilin binne XHP70 gaba ɗaya ba. Kuskuren jikin ne, ba ƙwan ba. A sa shi a jiki mai kauri mai cin batir 21700, da direba mai ɗaga bolt da batir irin Molicel P42A, za a ga cewa babban ƙwai da aka ba wuta kaɗan ya fi ƙarami da aka matse sanyi da tattali, saboda aikin ya rabu a kan ƙwai huɗu. Mai gadi zai ga filin gaba ɗaya a lokaci guda, ba ɗigon haske a katanga ba, ɓarawo kuma ba a tsakiyar ɗigo yake tsayawa ba.

Abu_Hafsat_Madina:
Maganar tattalin gaskiya ce, ban ja ba. Amma filin da ya kai mita 200, haske mai bajewa zai fara dukan tarin kayan da ke kusa ya dawo masa a ido. Sai dai idan zai hau wuri mai tudu ya haska daga sama, a nan kam ina iya bin bayanka.

Ɗan_Misfala:
Akwai ɗakin gadi mai bene a gefen ƙofa, don haka maganar ba ta mutu ba, zan hau yau da dare in duba da wadda ke hannuna. A yanzu dai na kwance ƙaramar, na fito da gidan tagullar da ke ɗauke da ƙwai da direba. Ina neman zoben da aka ce yana danne allon ban gan shi ba, sai dalma na gani a gefe biyu ta haɗe allon da tagullar. Na ɗora ƙarfen liƙina mai wat 30 ya fi minti biyu, ko gezau ba ta yi ba.

Mai_Gyara_Batha:
Haka masu 7135 takwas suke zuwa, domin huɗun da ke ɓangaren sifirin sun cinye wurin zoben. Tagullar ce ke shanye zafin ƙarfenka kafin ya isa dalmar. Idan ƙwai kawai za ka sauya, kada ka taɓa allon, ka cire wayoyin biyu ta sama ka ɗaga farantin. Idan kuwa ka nace sai ka sauya direban, ka ari ƙarfe mai wat 60 mai faɗin baki, ka ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar ta taimaka wa zafin shiga, kuma ka riƙe gidan da filaya, ba da yatsa ba. Turo hoton ɓangaren sifirin mu gani kafin ka ci gaba.